Ɗan Aiken 'Yan Kallo da Kujerar da Aka Ba Shi



Mun san inda da yawanku ke nufa ranar Asabar da yamma, da ranar Lahadi bayan an tashi sujada. Ba ƙorafi muka kawo ba, domin mu ma mukan leƙa gidan kallon, mukan kuma koma gida da muryar da ta dushe. Batunmu na yau daga can ya fito. Akwai wasu mutane da ba a nuna su a talabijin, waɗanda magoya bayan kulob ke zaɓa su je su zauna da masu kulob, su faɗa musu abin da 'yan kallo ke so da abin da ba za su lamunta ba. A gasar Firimiya ta Ingila yanzu an wajabta wa kowane kulob ya kafa kwamitin ba da shawara na magoya baya. Mutane da yawa sun yi murna, suna cewa an ba talaka kujera. Mu dai muna ganin kujerar ita ce wuri mafi haɗari ga wakili, domin a kanta ne ake mantawa da wanda ya yi aiken.

Bari mu fara da Liverpool. A farkon 2016 kulob ɗin ya sanar da farashin tikiti na kakar wasa mai zuwa, inda kujera mafi tsada a sabon ɓangaren filin Anfield za ta tashi daga fam 59 zuwa fam 77. Abin da ya ƙara ɓata ran mutane shi ne, wakilan magoya baya, ciki har da ƙungiyar Spirit of Shankly da aka kafa a 2008, sun shafe sama da shekara guda suna zama da jami'an kulob a kan wannan magana ta tikiti. An ba su kujera, an saurare su cikin ladabi, aka kuma fitar da farashin kamar ba a taɓa zama da su ba.

A nan wakilan suke da hanya biyu. Suna iya fitowa su ce wa jama'arsu, "Ku yi haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu, ai kun san harkar kuɗi," su ci gaba da zuwa taro ana gaisawa da su da hannu biyu. Ba su bi wannan ba. Sun koma wurin waɗanda suka aike su, suka faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa zaman bai haifar da komai ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2016, ana wasa da Sunderland, da agogo ya kai minti na 77, mutum wajen 10,000 suka miƙe suka fice daga filin. Liverpool na gaba da ci biyu da nema a lokacin. Kafin a hura usur na ƙarshe Sunderland ta farke duka biyun, aka tashi 2-2. Kwana huɗu bayan haka masu kulob ɗin, kamfanin Fenway Sports Group na Amurka, suka rubuta wasiƙar neman afuwa, suka janye ƙarin, suka bar tikiti mafi tsada a fam 59 har kaka biyu. A watan Maris na wannan shekara kuma kulob-kulob ɗin Firimiya suka amince kada tikitin magoya bayan da suka yi baƙunta ya wuce fam 30.

Ku lura da abin da ya yi aiki. Hujjojin da wakilan suka kai teburi a cikin shekara guda ba su canza ba tsakanin Juma'a da Laraba. Abin da ya canza shi ne masu kulob sun ga da idonsu cewa mutanen nan ba da bakinsu kaɗai suke magana ba, akwai dubbai a bayansu da za su bar wasan da suka biya kuɗinsa idan an ce su bari. Da wakilan sun yanke igiyar da ke tsakaninsu da waɗannan dubbai, da ba wanda zai tashi a minti na 77.

Bayan shekara biyar aka sake gwada mutane. Ranar 18 ga Afrilu 2021 kulob 12 suka sanar da kafa gasar Super League: shida daga Ingila, uku daga Sifaniya, uku daga Italiya. Waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba, ko sun yi wasa da kyau ko ba su yi ba. Arsenal, Chelsea, Liverpool, Manchester City, Manchester United da Tottenham duk sun sa hannu, kuma babu wadda ta tambayi magoya bayanta, alhali kowacce tana da ƙungiyar magoya baya da take zama da ita. Ranar 20 ga wata magoya bayan Chelsea suka tare hanyar shiga Stamford Bridge kafin wasa da Brighton, har sai da Petr Cech, tsohon mai tsaron ragarsu, ya fito yana roƙonsu su bar motar 'yan wasa ta wuce. A daren nan kulob shida na Ingila suka janye. Washegari John Henry, babban mai Liverpool, ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri.

Daga wannan kunya ne kujerun suka yawaita. Gwamnatin Birtaniya ta sa 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranci bincike kan yadda ake tafiyar da ƙwallon ƙafa, rahotonta ya fito a Nuwamba 2021, kuma a 2025 aka yi dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido a kan kulob-kulob. Amma kujera suna ta tara. Chelsea ta yi alkawarin barin magoya baya uku su riƙa halartar zaman hukumar gudanarwarta, sai dai ba su da ƙuri'a. Liverpool kuwa ta kafa majalisar magoya baya a 2022, ta kuma rubuta a dokokin kamfaninta cewa sai da yardar wannan majalisa za ta shiga wata gasa irin Super League. Na farko izinin sauraro ne, na biyu kuma ikon hanawa. Duk wanda aka gayyata ya wakilci jama'a ya kamata ya tambaya tun daga ƙofa wace iri ce aka tanadar masa, ya kuma koma ya faɗa wa mutanensa gaskiyar amsar. Wakilin da ya bar jama'a suna zaton yana da ikon da ba shi da shi ya riga ya fara yi wa kulob aiki.

Kuma ba da cin hanci ake sayen irin wannan wakili ba, shi ya sa abin yake da wuyar ganewa. Ana ba shi katin shiga ta ƙofar manya. Shugaban kulob ya san sunansa, yana tambayarsa iyali. Ana nuna masa takardun kuɗi a ce, "Wannan tsakaninmu ne, kada ya fita." Wata rana ma a ɗauke shi hoto da ɗan wasan da ya daɗe yana ƙauna. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kunya yake ji. Bayan wata shida sai ka ji yana cewa, "Matsalarmu ita ce albashin 'yan wasa ya yi yawa," kuma "mu" ɗin nan ba 'yan kallo yake nufi ba. An aike shi ya kai kukan jama'a ciki, ya dawo yana kawo wa jama'a uzurin masu gida. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma har zuciyarsa yana ganin hidima yake yi.

Kada a fahimce mu a karkace. Akwai abin da dole a riƙe a asirce, kamar cinikin ɗan wasan da ba a kammala ba, kuma wakilin da ke kwashe duk abin da ya ji ya zuba a Facebook ba zai daɗe ana yarda da shi ba. Amma idan aka ce kome da kome sirri ne, har farashin tikiti da sauya launin riga, to an mai da shi ma'ajin sirrin kulob. Cardiff City ta sauya rigarta daga shuɗi zuwa ja a 2012 bisa son mai ita, Vincent Tan, sai a Janairu 2015 ta koma shuɗi bayan doguwar adawa. Irin wannan ba maganar ɗaki ba ce, ta duk wanda ubansa ya taɓa saya wa rigar ce.

Jamus ta ba mu misalin da ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa. A can akwai ƙa'idar 50+1 tun 1998, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, ban da 'yan tsiraru irin su Bayer Leverkusen da Wolfsburg. A Disamba 2023 kulob 36 na manyan rukunoni biyu suka jefa ƙuri'a kan ko za a sayar wa wani kamfanin zuba jari kaso daga kuɗin haska wasanni na tsawon shekara 20. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 24, kuma 24 ɗin aka samu cif. Ƙuri'ar a ɓoye aka kaɗa ta. Uwar ƙungiyar Hannover 96, wato ta mambobi, ta umarci Martin Kind, wanda ya kaɗa ƙuri'ar kulob ɗin, ya ce a'a. Da aka tambaye shi me ya zaɓa, ya ƙi faɗa. Ba mu ce ya saɓa umarni ba. Amma shirunsa kaɗai ya isa ya jefa shakku a kan sakamakon baki ɗaya, tunda ƙuri'a ɗaya ce ta raba gardama. Makonni magoya baya suka yi suna jefa ƙwallayen tanis da alewa mai siffar sulalla cikin fili, ana tsayar da wasa ana sharewa, har ranar 21 ga Fabrairu 2024 hukumar gasar ta ce ta fasa cinikin. Cinikin da ya kusa Yuro biliyan ɗaya ya rushe, kuma cikin manyan dalilan har da mutum ɗaya da aka aika bai dawo ya ba da rahoto ba.

Akwai wani nauyin da ba a cika ambata ba. Magoya baya ba bakinsu ɗaya ba. Dattijon da ya shekara arba'in a kujera guda yana son tikiti mai sauƙi. Mai keken guragu yana son wurin da zai ga fili ba bayan mutane ba. Uwa tana son ta kawo 'yarta ba tare da an cika mata kunne da zagi ba. Saurayi kuma babu ruwansa da duk wannan, a sayo masa ɗan wasan gaba kawai. Wakili na gaske zai ɗauki har ra'ayin da bai yarda da shi ba, ya kai shi yadda mai shi zai ji ya ce, "Haka na faɗa." Wanda ke kai nasa ra'ayin kaɗai ya liƙa masa sunan jama'a bai fi wanda kulob ya haɗiye ba.

Dole kuma ya iya juyowa ya tsawata wa nasa. Ranar 2 ga Mayu 2021 wasu magoya bayan Manchester United suka kutsa cikin Old Trafford suna adawa da iyalan Glazer, aka ɗage wasansu da Liverpool, aka ji wa 'yan sanda rauni. Fushin yana da dalili, mun yarda. Amma ɗan sandan da aka fasa wa fuska ba shi ya sa hannu a takardar Super League ba. Ficewar da aka yi a Anfield ba ta zubar da jinin kowa ba, kuma a kwana huɗu ta biya buƙata.

To mu fa, da muke kallo daga Jos da Kaduna da Gombe? Gaskiya ita ce, muna sayen riga, muna biyan kuɗin gidan kallo, muna yin gaba da aboki saboda Arsenal, amma waɗanda ke zama da masu kulob a Landan maganar tikiti da jirgin ƙasa suke kaiwa, kuma suna da gaskiyarsu. Inda muryarmu za ta iya kaiwa yana kusa da mu. Plateau United, wadda ta ci gasar Najeriya a 2017, da Kano Pillars, wadda ta ci sau huɗu, da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors, duk gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, wato da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Wannan ya ba ɗan kallo haƙƙin tambaya fiye da na ɗan Liverpool, domin shi ba da harajinsa ake biyan 'yan wasa ba. Ya kuma sa jarabar wakili ta fi ƙarfi, tunda wanda zai je ya yi wa magana shi ne mai ba da motar tafiya wasan waje da kuɗin abinci a hanya. Yana da wuya mutum ya tambayi me ya sa ba a biya 'yan wasa albashi ba, ko me ya sa ba a tsare alƙalin wasa da baƙi ba, alhali yana jiran a sa hannu a takardar man motarsa.

Wasunku suna cikin ƙungiyoyin magoya baya, wasu ma suna riƙe da muƙami. Idan za a sake zaɓe, ku nemi a rubuta wa'adin shugaba, shekara biyu ko uku, a kuma rubuta cewa bayan kowane zama da jami'an kulob zai tsaya a gaban mambobi ya faɗi abin da ya kai, da amsar da aka ba shi, da abin da aka ba shi a hannu idan an ba shi. Kuɗin mota kuma, ko da naira ɗari biyu-biyu ne, a fara tara shi daga aljihun mambobi.