Wa ya ce kakarmu zaman jira ta yi a bakin kogo?

Duk mai leƙa Facebook ya taɓa cin karo da wannan magana. Da zarar an ta da zancen karatun mata, sai wani ya bugi ƙirji ya ce ai kimiyya ma ta tabbatar: tun farkon zamani namiji ke fita farauta, mace na zaune a bakin kogo tana jiran nama. Tunda da sunan kimiyya yake magana, a filin kimiyyar za mu tare shi.

Wannan labari yana da ranar haihuwa. A 1966 aka yi wani taro a Jami'ar Chicago da ke Amurka, aka buga takardunsa a 1968 a littafin da ma'anar sunansa ita ce "Namiji Mafarauci". Wasu manyan mahalarta suka ce farauta ce ta gina ƙwaƙwalwar ɗan Adam da harshensa da haɗin kansa. Abin mamaki, a cikin littafin nan Richard Lee ya kawo abin da ya auna a wurin mutanen !Kung na hamadar Kalahari: kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin abincinsu daga tsirrai yake, kuma galibi mata ke tattaro shi. An rubuta wannan, an karanta, amma sunan littafin aka riƙe.

Sai da mata suka shigo fagen aka yi tambayar da ta dace. A farkon shekarun 1970 Sally Slocum ta tambaya: lokacin da mazan ke daji, me matan ke yi? A 1976 Nancy Tanner da Adrienne Zihlman suka nuna cewa mai yiwuwa kayan aikin farko sandar tonon saiwa ce, da abin zuba 'ya'yan itace, da abin goyo. Dutse da ƙashi suna jure dubban shekaru a ƙasa, kwando da majanyi kuwa ruɓewa suke. Mu da muke aikin rubuta manhaja mun san wannan cuta: idan rabin bayanan sun ɓace kafin a zuba wa kwamfuta, za ta ba da amsa cikin tsari da kwarjini, amma amsar rabi ce. Mai tono ya sami kan mashi bai sami majanyi ba, sai ya yanke hukunci cewa mai mashi kaɗai ya yi tarihi.

Ko a wajen yabo ba a yi adalci ba. Mary Leakey ce ta gano ƙoƙon kan Proconsul a tsibirin Rusinga na Kenya a 1948. Ita ce ta tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa Zinjanthropus a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya a 1959, ranar da mijinta Louis ke kwance a sansani ba shi da lafiya. Amma shi duniya ta fi sani, shi ke zagaya Amurka yana lacca. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan mutuwarsa, tawagarta ta gano sawun ƙafa na Laetoli a 1978, masu shekara kusan miliyan 3.6, shaidar tafiya da ƙafa biyu tun kafin ƙwaƙwalwa ta girma. Duk wannan ba ta da digirin jami'a.

Hujjoji kuma sai ƙaruwa suke. A 1987 Rebecca Cann da abokan aikinta suka bi sawun ƙwayar gado da ake samu ta wajen uwa kaɗai, a jikin mutum 147, suka kai ga wata mace a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce. Kristen Hawkes ta zauna da mutanen Hadza na Tanzaniya, ta ga yadda saiwar da kakanni mata ke tonowa ke ciyar da jikoki, uwa ta sami sararin sake haihuwa. Wanda ya tashi a gaban kakarsa ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A 2013 mata shida ne suka kutsa ta wata tsaga mai faɗin santimita 18 a kogon Rising Star na Afirka ta Kudu, suka fito da ƙasusuwan Homo naledi. A 2020 aka bayyana wani kabari mai shekara 9,000 a Peru, cike da kayan farauta. Da farko an ɗauka wani babban namiji ne. Da aka gwada haƙoran, ashe budurwa ce.

Za a ce mana wannan cusa siyasar mata ne a cikin kimiyya. To, mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne. A yawancin al'ummomin da aka nazarta, maza ne suka fi farautar manyan dabbobi. Kuma da wani bincike na 2023 ya ce mata na farauta a kashi 79 cikin ɗari na al'ummomin da ya duba, masana sun sake bin lissafin sun nuna an yi azarɓaɓi. Haka ya kamata. Abin da muke nema shi ne a yi wa kowane iƙirari irin wannan tankaɗe da rairaya, har da wanda ya yi wa maza daɗi ya shekara hamsin yana yawo. Son zuciyar da ya fi haɗari shi ne wanda mai shi bai san yana da shi ba.

Abin da ya dame mu shi ne yarinyar da ke aji huɗu na sakandare, tana shawarar shiga ajin kimiyya, yayanta ya turo mata wancan rubutu a waya. Ku faɗa mata ra'ayinku in kuna so, amma ku ce naku ne. Kada ku jingina shi ga ƙasusuwan da, sau da yawa, mata ne suka durƙusa a rana suka tono.