Manhajar da ba ta san gidanta ba

Manhajar kwamfuta da ke ɗauke da ƙamus ko fayilolin sauti tana buƙatar sanin inda take zaune a cikin na'ura, domin ta ɗauko abin da aka ajiye a gefenta. Kowane tsarin sarrafa kwamfuta da hanyarsa ta amsa wannan tambaya. A Linux manhajar na karanta /proc/self/exe, a macOS tana kiran _NSGetExecutablePath, a Windows kuwa GetModuleFileName.

Ga mai nazarin Hausa, a Windows gizo ke saƙa. Kiran yana da siga biyu. Mai ƙarewa da W yana mayar da adireshin cikin Unicode, mai ƙarewa da A kuma yana tura shi ta tsohon jadawalin haruffa, galibi mai lamba 1252, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. A ɗauka mai bincike ya tattara waƙoƙin baka daga arewacin Zamfara, ya raba su jaka uku, kowace da kwafin manhajar da ke kunna su. Ta Shinkafi da ta Zurmi za su yi aiki lafiya. Ta Ƙaura Namoda tana iya cijewa, domin adireshin da manhajar ta karɓa ya rasa Ƙ, sai ta nemi jakar da babu ita.

Maganin da aka fi ji shi ne a cire ƙugiya daga sunan jakar. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. An fara amfani da haruffa masu ƙugiya tun shekarun 1930 domin a bambance ƙasa da kasa, ɗaki da daki. Taskar da aka jera sunayenta babu su za ta rikita wanda zai yi bincike a cikinta nan da shekara ashirin, kuma ɗalibai za su saba da cewa ƙa'idar rubutu abar saryarwa ce idan na'ura ta ƙi.

Gyaran na wuyan mai rubuta manhaja ne, kuma ba shi da tsada: ya yi amfani da sigar W. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da gwaji a sunan garinta: kowace manhajar ɗalibi a kunna ta daga jaka mai wannan suna kafin a ba ta maki. Sassan Hausa na jami'o'i su ma su sanya wannan sharaɗi a duk lokacin da suka ba da aikin gina ƙamus ko taskar sauti.