Kafin mu ce an sa wa bisa guba, mu adana shaida

Idan saniya ta kwana lafiya aka wayi gari ta faɗi a bakin rijiya, maganar farko da ake ji a Gangara ita ce an sa mata guba. Nan take ido ya koma kan mai gonar da ke kusa, ko baƙon makiyayi. Daga nan sai a ja mushen daji, ungulu da karnuka su cinye shaidar, zargi ya zauna shekaru tsakanin maƙwabta.

Da yawanmu mun ɗauka jini kaɗai ake aunawa, ga shi zafin Damargu ba ya barin jinin mushe ya jima bai lalace ba. Amma jiki na ajiye shaida a wasu wurare. Abin da ke cikin tumbi yana nuna abin da dabba ta ci: gyauron dawa, ko ciyawar da aka fesa wa maganin fara. Hanta da ƙoda suna riƙe dalma, irin wadda maraƙi ke samu idan ya lashi tsohon batir. Ruwan cikin ƙwayar ido yana jimawa bai ruɓe ba fiye da jini. Gashi kuma yana adana alamar wasu gubobi da dabba ta daɗe tana ci kaɗan-kaɗan. Ruwan da ta sha da dusar da ta ci su ma shaida ne.

Sai dai a kiyaye. Idan baƙin jini na fita ta hanci ko dubura bai daskare ba, kada kowa ya sa wuƙa: yana iya zama ciwon saifa, mai kama mutum, wanda ƙwayoyinsa ke zama cikin ƙasa shekaru. Fiɗar mushe aikin ma'aikacin kiwo ne. Namu shi ne mu rufe mushen da ƙaya, mu janye garke, mu ɗebi ruwan da abincin a mazubi mai tsabta, mu kira shi ranar nan.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu: kowace ta tanadi kula ta ƙanƙara, kwalabe masu murfi, safar hannu da kuɗin mota zuwa Tanut ko Damagaram. Duka ba su kai kuɗin tunkiya biyu ba. Idan awo ya nuna guba, a kai ƙara gaban hukuma da hujja. Idan ya nuna gyauro ne, an wanke maƙwabci, an kuma san inda za a hana sauran garken zuwa.