Hotunan Cikin Adakar Kaka: Wa Zai Rubuta Sunayensu?



Bayan rasuwar kakata a Kademi, da aka zo buɗe adakarta, can ƙasa a ƙarƙashin zannuwa muka tarar da wani gwangwanin alewa an ɗaure shi da tsumma. Hotuna ne a ciki guda 9, baƙi da fari, 'yan ƙanana, tsawonsu da faɗinsu ɗaya. A ɗaya daga cikinsu ga kakanmu yana saurayi, ya dafa keke, agogo a hannunsa, rediyo a ajiye a gabansa. Kusa da shi wani mutum ne dogo ya dafa kafaɗarsa, irin dafawar da ba a yi wa kowa sai amini. Muka zagaya da hoton nan gida-gida. Gwaggo ta ce kamar ta san fuskar. Kawu ya ce wataƙila abokin cin-raninsa ne. Wadda ta san shi tabbas, kwana bakwai ke nan da muka kai ta makwancinta. Shekara da shekaru ina zama a gabanta ina cin tuwonta, ban taɓa cewa ta buɗe mini adakar nan ba.

Wannan rashi ne ya sa na zo muku da maganar yau. Ra'ayina shi ne, duk wanda yake son ya zama marubucin Hausa, kafin ya ƙirƙiro wani Alhaji mai gida a Abuja da Dubai, ya fara komawa gidansu ya nemo tsofaffin hotuna, ya zauna gaban wanda ya san mutanen cikinsu, ya rubuta. Kuma ya yi shi bana, domin masu sanin suna ƙarewa.

Bari in fara da abin da ya ɗauki hotunan, don a gane dalilin da ya sa suke da daraja. Gwaggo ta ba ni labarin mai hoton. Daga birni yake zuwa da Sallah ko ranar kasuwa, ya rataya zane a jikin katanga, ya rataya wani baƙin akwati a wuyansa ya sauko masa har ƙirji. Ba ya ɗora shi a ido. Sunkuyar da kai yake yi yana leƙa cikinsa ta sama, kamar mai duba rijiya. Sai bayan mako biyu ko uku zai dawo da hotunan a wanke. Da na kai hotunanmu wajen wani dattijo da ya yi sana'ar hoto a Kano a da, kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Wannan aikin mai ido biyu ne." Ya shiga ɗaki ya ɗauko mini tasa, wata tsohuwar Yashica da ƙura ta rufe.

Kyamara ce mai idanu biyu a gaba, ɗaya a kan ɗaya. Idon sama na mai hoto ne: haske ya shiga, madubi ya tura shi sama zuwa wani gilashi, a nan yake ganin mutumin da ke gabansa, sai dai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Idon ƙasa shi ne yake kai hoton kan fim. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Rolleiflex, wadda kamfanin Franke & Heidecke na garin Braunschweig a Jamus ya fitar a 1929. Daga baya aka samu masu sauƙin kuɗi: Yashica daga Japan, Seagull daga Sin, Lubitel daga Tarayyar Sobiyet. Fim ɗin da suke ci shi ake kira 120, wanda Kodak ya fara fitarwa a 1901. Dodon hotonsa santimita 6 ne tsawo, 6 faɗi, shi ya sa hotunan kaka suka fito haka: dodon aka ɗora kan takarda kai tsaye aka wanke. Naɗi guda kuwa hoto 12 kacal yake ɗauka.

Ku riƙe wannan lamba, 12. Mai hoto ya taso tun daga Kano, ya bi ta Wudil ya iso ƙasar Gaya da naɗi biyu ko uku a jakarsa. Kowane danna maɓalli kuɗi ne, kuma ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai ya koma ya wanke. Shi ma wanda za a ɗauka, wataƙila hoton nan ne na farko a rayuwarsa, wataƙila kuma shi ne na ƙarshe. Saboda haka babu abin da ya shiga cikin hoton da gangan ba a sa shi ba. Hular da aka zaɓa, wanda aka tsayar a dama, wanda aka zaunar, yaron da aka ɗora a cinya, duk an yi shawara a kansu. Hoton waya na yau, mutum ya ɗauki 50 a biki ɗaya ya goge 45, ba ya gaya maka abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci. Hoton da ya fito daga cikin 12 yana gaya maka.

Wani zai ce ai hoton situdiyo ƙarya ce, agogon ma na aro ne. Gaskiya ne, sau da yawa na aro ne. Manyan masu hoto na Afirka ta Yamma sun riƙa ajiye rediyo da tarho da tabarau a shagunansu don mai zuwa ya zaɓa. Da na tambayi Kawu game da rediyon da ke gaban kakanmu, dariya ya yi ya ce gidanmu bai ga rediyo ba sai bayan kuɗin Udoji, lokacin da wani ɗan uwa ma'aikaci ya sayo. To a wajen marubuci, a nan labarin yake. Saurayi manomin gyaɗa ya biya kuɗi don a ɗauke shi da rediyon da ba nasa ba. Wa yake so ya gani? Gidan su wace yarinya hoton zai je? Mai neman sanin burin samarin wancan zamani, ga shi nan an ajiye masa a gaban keke.

Yanzu ku dubi abin da ya faru a maƙwabta. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948. Tasa kyamarar babba ce, ba irin wadda muke magana a kai ba, amma darasin ɗaya ne. Ya adana dodannin hotunansa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukar ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, Malick Sidibé ya gane aikin ya nuna masa gidan mai shi. Sunan Keïta ya dawo, amma mafi yawan mutanen da ke cikin hotunansa har yau ba su da suna, don bai rubuta ba. Shi Sidibé, wanda ya yi aiki da Rolleiflex a shagonsa na unguwar Bagadadji, ya jera dodanninsa a kwalaye da kwanan wata, a 2007 kuma aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice, shi ne mai hoto na farko da ya same ta. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, Sanlé Sory ya buɗe Volta Photo a 1960, shi ma da Rolleiflex. Ya kai ga fara ƙona dodanninsa don yana ganin ba mai bukatarsu, kafin a kai ga sauran. A 2018 aka baje su a birnin Chicago na Amurka. A nan gida Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan 1,000, yana kuma rubuta sunan kowane kitso. Wannan rubutun ne ya sa aikinsa ya zama abin da ɗalibi zai iya karatu da shi.

Dattijon da ya nuna mini Yashica na tambaye shi ina nasa dodannin. Ya ce buhu biyu ne. Damina ta shiga ɗakin, gara ta gama da sauran, 'yan ragowar kuma jikoki suka kwashe suna kallon rana da su. Bai faɗa da baƙin ciki ba, don ba wanda ya taɓa ce masa suna da amfani. Ban ga laifinsa ba. Sana'arsa ɗauka da wankewa, ya kuma yi. Masu alƙalami ne ba su zo ba. Kowane ɗan ƙasar Gaya zai ba ka labarin maƙeran da aka ce sun tashi daga Gaya suka je dutsen Dala neman tama, labarin da ya haura shekara dubu. Amma sunan aminin kakansa na shekara 60 da suka wuce ya gagare shi.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, mu marubutan labari ne, ba malaman tarihi ba. Haka ne. Amma ku duba littattafan da muke turowa a nan: falo iri ɗaya, mota iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ba rashin basira ba ne, rashin kayan aiki ne, kowa daga fim ɗaya yake ɗiba. Wanda ya zauna awa biyu gaban gwaggonsa da hoto a hannu zai tashi da sunan zane, da sunan kitso, da yadda ake zance a dandali, da kalmomin da ba ya jin su a Facebook. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu, ai waya ta fi waccan kyamarar. Ban musa ba, ban kuma ce kowa ya je ya sayi mai ido biyu ba. Fim ɗinta daga waje ake kawo shi, yana da tsada, mai wanke shi ma sai an sha nema. Wayar da ke hannunka ita ce za ta yi maka wannan aikin.

Na uku, akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai kuma hotunan da suke tono abin da gida ya binne: matar da aka saka, ɗan da ya tafi bai dawo ba. Wannan uzuri ne mai ƙarfi. Kada ka yi gardama da babba a kan hoto. In ya ce a bar shi, a bar shi, ka roƙi labarin kawai. In an ba ka labari a matsayin amana, ka riƙe amana, ko ka sauya suna da gari kafin ya shiga littafi. Hoton matan gida kuwa, kada ka ɗora shi a intanet sai da yardar masu shi. Mai hoton da ma kansa a sunkuye yake aiki, kai ma haka za ka shiga.

Ga yadda za a yi. Ka nemi hoto ɗaya tak. Ka ɗauke shi da waya, gaba da baya, don wani lokaci akwai hatimin shagon a bayansa. Ka kunna naɗar murya da izinin mai magana. Ka tambayi su wane ne, a ina aka ɗauka, kayan na wa ne, wa ya biya, wa aka aika wa. Kada ka ce wace shekara, tsofaffi ba haka suke lissafi ba. Ka ce, da fam aka biya ko da naira? Naira ta shigo a Janairun 1973. Kafin farin 1973 ne ko bayansa? Zamanin Audu Bako ne, wato 1967 zuwa 1975? An fara kai yara makarantar UPE ta 1976? Da haka za ka kusanci shekarar. In za ka rubuta a bayan hoto, da fensir a hankali, ban da biro, tawadarsa tana ratsa takarda. Kada ka kai a manne shi da leda mai zafi, in ya lalace a ciki ba ya ɓantaruwa. Ka raba shi da danshi da rana. In ka ci sa'a ka samu dodon hoto, shi ya fi komai, ka sa shi a ambulan, ka riƙe shi ta gefe.

Aikin wannan mako ke nan: kalma 300 a kan hoto ɗaya na gidanku. Ba sai ka turo hoton ba, rubutun muke so. Wanda bai samu mai ba shi suna ba, ya rubuta mana abin da idonsa ya gani da wanda ya makara bai tambaya ba.

Ni dai mutumin da ya dafa kafaɗar kakanmu har yanzu ban san sunansa ba. An ce akwai wata tsohuwa a wajen Ajingi, ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, tana nan da ranta da hankalinta. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je da hoton.

Sai mun ji daga gare ku.