Motar Ikkilisiya Amana Ce a Hannunmu



Wani labari ya iso mana daga wata ƙaramar ikkilisiya a yankin Tabanni. Sau uku ɓarayi suna buɗe tsohuwar Fijo ta ikkilisiyar a harabar majami'a. Da fari suka ɗauke jak da safaya. Na biyu suka cire rediyo. Na uku suka kwance batir, a daren nan kuwa naƙuda ta kama matar wani ɗan'uwa. Aka murza mabuɗi, mota shiru. A kan babur aka kai ta asibiti. Mun gode wa Allah da ta sauka lafiya. Amma dole mu tambayi kanmu: bayan sata ta fari, me dattawa suka yi?

Da yawa cikin motocinmu tsofaffin Fijo ne, irin 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Suna da ƙarfi, amma makullin ƙofa yana tsufa kamar haƙorin mutum. In cikinsa ya cinye, mabuɗin wata mota ko sukudireba ma ya isa ya buɗe shi. Motocin zamani suna da na'ura a cikin mabuɗi wadda in babu ita injin ba zai tashi ba. Namu ba su da ita. Wanda ya shiga ya kwance batir jiya, gobe motar zai tafi da ita.

Waɗansu za su ce Ubangiji ne mai tsaro. Gaskiya ne. Amma mu tuna da Nehemiya lokacin da yake gina garun Urushalima: ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana (Nehemiya 4:9). Da baikon gwauraye da zakkar manoma aka sayi motar nan. Sakaci da ita rashin aminci ne, kada mu kira shi bangaskiya.

Saboda haka muna ba kowane kwamitin dattawa shawara kamar haka. Na ɗaya, a canja makullan ƙofofi da na but, a kuma san mutum nawa ne ke riƙe da mabuɗi. Na biyu, a sa mai gyaran waya amintacce ya ɓoye maɓalli wanda zai yanke wuta zuwa kwayil, kada kowa ya san wurinsa sai direba da dattijo ɗaya. Na uku, a ɗaure sitiyari da kuloci da sarƙa da kwaɗo mai kyau kowane dare. Na huɗu, mai walda ya yi wa batir keji, ko kuwa a riƙa cire shi a kwana da shi a ɗaki. Na biyar, sakatare ya rubuta lambar injin da ta shasi a littafin ikkilisiya, takardun mota kuma kada su kwana a cikinta. Kuɗin waɗannan duka bai kama ƙafar kuɗin wata motar ba. Ɓarawon dare ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci.

Sai gargaɗi biyu. Dukanmu mun san abin da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku ta gani a shekarun baya, kafin sulhun ƙarshen 2024. Sarƙa da kwaɗo don ɓarawon tsakar gida ne. In masu bindiga suka tare ka a daji, ka bar musu motar. Ikkilisiya za ta iya sayen wata, amma ba za ta iya maido wa 'ya'yanka uba ba.

Na biyu, kada zargi ya kai mu ga zunubi. Mu kaɗan ne a garuruwan nan, zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi kuwa ya fi kowace mota daraja. Ɓarawo ba shi da addini, wani lokaci ma ɗan gida ne. In an kama wani, kada matasa su taɓa shi. A kai shi wurin mai unguwa da 'yan sanda.

Muna roƙo a sa wannan magana a taron dattawa na wannan wata, kada a jira sata ta huɗu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.