Ku cire manhajojin "share waya" ɗin nan, ba su ne maganin maimaitattun hotuna ba

1/ Zan yi magana a kan wayoyinmu da kullum suke kukan wuri ya cika, da manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka da kowa yake saukewa wai su goge masa hotunan da suka maimaitu. Ra'ayina a fili: ku cire su. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Mu fara da lissafi, don a nan ake yi mana wayo. Hoton da ya shigo ta WhatsApp an riga an matse shi, yawanci bai wuce 100KB zuwa 200KB ba. Ka goge irinsa guda 1,000, abin da za ka samu bai fi 200MB ba. Bidiyon biki na minti biyu ko uku da ka ɗauka da kyamararka zai iya cin wannan wurin shi kaɗai.

3/ Wato mutum ya ɓata yini yana farautar hoton "Juma'at Mubarak" guda biyu-biyu, alhali bidiyoyin kamun amaryar da aka yi bara suna kwance ba wanda ya taɓa su. Hotunan kyamara su ne masu ɗan nauyi, ɗaya kan kai 2MB zuwa 4MB ko fiye. Su ɗin ma ba su kama ƙafar bidiyo ba.

4/ To ina wannan "an share maka 2GB" da manhajar take rubutawa da manyan baƙaƙe, har da tafi? Kaso mai yawa tarkacen wucin gadi ne da TikTok, Instagram da burauza suke ajiyewa don kada su sake sauke abin da ka riga ka gani. Ka goge yau, ka buɗe su gobe, su sake saukewa. Da datarka.

5/ Kuma datar nan ba ta banza ba ce. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ka saya da tsada, manhaja ta zubar, ka sake saya, ta kuma nuna maka talla kafin ta zubar da bayan ta zubar. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

6/ Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Manhajar da za ta nemo maimaitattun hotuna dole ka ba ta izinin ganin duk hotunanka. Duk fa. Hoton katin NIN, takardar sakamakon jarrabawa, rasitin turin kuɗi, hotunan ƙannenka mata a gida ba mayafi. Kamfanin ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba, ka danna "na yarda".

7/ Kada wani ya ce tsoro nake ba mutane. Kun tuna Clean Master? Akwai lokacin da da wuya ka ɗauki wayar Android ba ka gan shi ba. A 2018 aka zargi kamfaninsa, Cheetah Mobile, da maguɗin talla. A Fabrairun 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ke kutse wa mutane, na wannan kamfanin suna ciki.

8/ Babban yayansu kenan, wanda duniya ta sani. Ina ga waɗanda aka ƙirƙira watan jiya, masu suna iri ɗaya da tambari iri ɗaya?

9/ Yanzu ga inda ya shafe mu ɗalibai kai tsaye. Akwai bambanci tsakanin hoton da ya MAIMAITU da hotunan da suka yi KAMA. Na farko fayil ɗaya ne sak a wuri biyu, goge ɗaya ba asara. Na biyu kuwa hasashe ne na'ura take yi: ta ga launi ɗaya, tsari ɗaya, ta ce ai abu ɗaya ne.

10/ Ku tuna yadda muke karatu. Mutum ɗaya ya sayi handawut, sauran mu ɗauki hoto shafi-shafi. Shafi 40, duk farar takarda da baƙin rubutu, a kan benci ɗaya, da haske ɗaya. A idon na'ura waɗannan 'yan biyu ne. Sai ta zaɓi "mafi kyau" ta yi wa sauran alama, kai kuma kana sauri ka danna goge.

11/ Na ga yadda aka yi wa wata 'yar ajinmu haka ana saura kwana uku jarrabawa. Hotunan allo na lakcoci kusan rabin zango, malamin kuma ba ya ba da komai a rubuce. Shafuka ƙalilan suka tsira. Daren nan sai bin mutane ta yi ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a turo mata.

12/ Haka zancen "hotuna masu dishi-dishi". Na'ura ba ta san cewa wannan mai dishi-dishin shi ne kaɗai hoton kakarka da ya rage ba. Ita dai ta ga bai fita ras ba.

13/ Wani zai ce, to malam, waya 32GB gare ni, tsarin wayar kansa ya cinye kaso mai tsoka tun a kwali, ya kake so in yi? Gaskiyarka. Amma kayan aikin suna cikin wayarka tuntuni, kyauta, ba talla.

14/ WhatsApp tun ƙarshen 2020 yana da wurin sarrafa ma'aji. Ka shiga saiti, ɓangaren ma'aji da data, layin farko. Zai ware maka fayilolin da suka haura 5MB, da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, sannan ya jero zaurukanka daga wanda ya fi cin wuri. Ka duba na saman. Ina da tabbacin ba na ajinku ba ne.

15/ Ga masu Android, Files by Google yana da shafin shara da ke fito da fayilolin da suka maimaitu sak, ya nuna maka wanne ne na asali. Ga masu iPhone, tun iOS 16 a 2022 manhajar hotuna take ware su da kanta, kuma haɗe su take yi ta bar mafi inganci. Ba sai ka sauke komai daga baƙo ba.

16/ Abin lura: abin da ka goge ba ya tafiya nan take. Yana zama a kwandon shara kwana 30, a iPhone da Samsung da Files duka. Shi ya sa za ka goge ɗaruruwa ka ga wuri bai ƙaru ba. Ka leƙa kwandon, ka tabbatar ba wani abin kirki a ciki, sannan ka zubar. Wannan kwana 30 ɗin rahama ce, kada ka yi gaggawa.

17/ Masu cewa "ai komai nawa yana Google Photos", ku tsaya. Idan ka goge hoto a cikin manhajar, daga wayar da can sama duka yake fita. Maɓallin samar da wuri daban yake: shi ne yake cire na waya kawai ya bar wanda aka riga aka ɗora.

18/ Kuma can ɗin ma ba rijiya gaba dubu ba ce. Ajiyar kyauta mara iyaka ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Yanzu 15GB ne, Gmail da Drive da Photos suke rabawa, tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shigo lissafin. Ranar da ya cika, saƙon imel ya daina shigowa. Ka yi tunanin kana jiran amsar tallafin karatu.

19/ Yanzu mu zo kan masu haifar da maimaicin, don hotunan nan ba daga sama suke faɗowa ba. Katin ɗaurin aure ɗaya: ango ya tura, abokinsa ya yi sikirinshot ya tura, ƙanwar amarya ta ɗauko daga sitatus ta tura, wani ya ƙara masa fure da "Allah ya sanya alheri" ya tura.

20/ A idonka kati ɗaya ne, a wajen waya fayil huɗu ne daban-daban, kowanne da girmansa. Manhajar da ke neman sak-da-sak ba za ta kama su ba. Wadda za ta kama su kuwa ita ce mai hasashen nan da za ta haɗa da handawut ɗinka.

21/ Shi ya sa nake ganin laifin masu turawa ba ji ba gani. Kai mai 256GB, ka tura bidiyon minti bakwai zaure goma sha biyu kafin sallar asuba, ba ka ji komai ba. Wanda ya ji shi ne mai ƙaramar itel da ke zauren don sanarwar lakca kawai. Wurinsa da datarsa ka kashe, ba ka tambaye shi ba.

22/ Su kuma shugabannin zaurukan aji, don Allah: zauren sanarwa daban, na hira daban. Ba sai mun haƙa cikin hotunan zagayowar ranar haihuwa 60 kafin mu ga an ɗage jarrabawa ba.

23/ Kafin su gyara, ka rufe ƙofarka. A wannan ɓangaren na ma'aji da data akwai saukewa ta kai-tsaye, layi uku: kan data, kan Wi-Fi, da lokacin da kake wata ƙasa. Ka cire alamar hoto, bidiyo, sauti da takardu a duka ukun. Abin da ka danna da hannunka ne kawai zai shigo.

24/ Ka kuma san duk hoton da ka tura daga galari, WhatsApp yana ajiye nasa kwafin a wata jakar abubuwan da aka aika, wadda galari ba ya nunawa. Masu sayar da atamfa da takalma ta waya, ku ne wannan ya fi ci. Ta manhajar fayil za ku gan ta.

25/ Handawut kuwa, ranar da ka ɗauka ka haɗa shafukan su zama PDF ɗaya, manhajar Drive tana yin haka da kyamara. Ka sa masa lambar kwas ɗin, ka tura wa kanka ta imel, sannan ka goge hotunan 40 da hannunka.