Sanarwar Bayan Taro Kan Horar da Matuƙa Jiragen Ruwa da Kare Rayukan Fasinjoji

Wakilan ƙungiyoyin masu fito da matuƙa jiragen inji na gaɓar kogunan Neja da Binuwai, tare da sarakunan ruwa, maƙera jirage, masu gyaran inji da wasu 'ya'yan yankin da suka yi aiki a manyan jiragen teku, sun yi zama na kwana biyu a garin Yawuri domin nazarin halin da sufurin ruwa ke ciki. An buɗe taro da addu'a ga waɗanda ruwa ya ci, aka saurari bayanan rassa, aka tafka muhawara, sannan aka amince da fitar da wannan sanarwa ga jama'a da hukumomi.

Abin da taro ya duba

Taron ya waiwayi haɗurran da har yanzu ba su bar zukatan mutanen gaɓa ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano ya ci aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023 mutum fiye da 100 'yan ƙaramar hukumar Patigi suka rasu cikin dare suna dawowa daga biki, sannan a farkon Oktoban 2024 jirgin da ke kai mata da yara Mauludi a Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa, ya kife bayan duhu ya sauka. Mahalarta sun lura cewa musabbaban ba sa sauyawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon katako, kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Taron bai ɗora laifin duka a kan gwamnati ba, domin hannun da ya karɓi kuɗin fasinja na ɗari a jirgin mutum hamsin hannun ɗan ƙungiya ne.

Taron ya ɗauki lokaci mafi tsawo a kan batun horo, kuma ya saurari bayanin tsofaffin ma'aikatan teku game da yadda duniya ta tsara shi. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka yi wa gyara a 1995 da kuma a Manila a 2010, ta wajabta wa duk wanda zai yi aiki a jirgin teku, komai ƙanƙantar muƙaminsa, ya fara koyon abubuwa huɗu: yadda zai tsira idan jirgi ya nutse, yadda ake kashe gobara, agajin farko, da kiyaye lafiyar kansa da ta abokan aikinsa, kuma ana sabunta shaidar ƙwarewar duk bayan shekara biyar. Sai dai wannan yarjejeniya, kamar takwararta SOLAS ta 1974, ta shafi jiragen teku ne, har ma ta fitar da jiragen katako ƙirar gargajiya daga huruminta. Sakamakon haka, mai dafa abinci a jirgin dakon kaya da ke tashar Apapa yana da takardar shaidar ceton rai, alhali matuƙin da ke ɗaukar mutum tamanin ranar kasuwa a tafkin Kainji bai taɓa zama a aji an nuna masa yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa ba. Taron ya jaddada cewa matuƙin kogi ba jahilin ruwa ba ne. Ya gaji sanin hanya, ya san launin ruwa mai zurfi da inda yashi ke taruwa bayan malka, amma wannan gadon an gina shi ne a kan ƙaramin kwale-kwale da filafili, kuma bai tanadi amsa ga dogon jirgi mai inji biyu da babura da buhunan hatsi a cikinsa ba.

Taron ya kuma duba halin matasan da suka nemi aikin teku ta hanyar karatu. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom, da jami'ar Okerenkoko a jihar Delta, da shirin horar da ma'aikatan teku na NSDP da hukumar kula da sufurin teku ta NIMASA ta fara a 2008, sun yaye matasa da dama, ciki har da 'yan jihohin Arewa. Amma ɗalibi ba ya zama hafsan jirgi sai ya yi aƙalla wata 12 yana aikin koyo a kan teku, kuma tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995 guraben wannan koyo suka yi ƙaranci, har wasu suka dawo gida da takardar kammala karatu ba tare da lasisin aiki ba.

Matsayar taro

1. Taron ya yi kira ga hukumar NIWA, wadda doka ta ɗora wa kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa tun 1997, da ta tsara gajeren kwas na dole ga kowane matuƙi da yaron jirginsa, a kan tsarin darussa huɗun nan na ma'aikatan teku, tare da ƙarin darasi kan daidaita nauyi da karanta yanayi. A riƙa yin kwas ɗin a bakin ruwa, a Yawuri, Sabuwar Busa, Baro, Patigi, Lakwaja, Ibi da Numan, cikin Hausa, Nupanci da sauran harsunan gaɓa, a lokacin rani da aiki ke sauƙi, kuma jarrabawar ta kasance ta baki da ta aiki a cikin ruwa, domin kada rashin boko ya raba dattijon da ya shekara talatin yana fito da sana'arsa. Taron ya ba da shawarar a ɗauki matasan da suka yi karatun teku suka rasa gurbi a matsayin malaman wannan kwas, a haɗa su da sarakunan ruwa waɗanda suka san kowace kwana ta kogin.

2. Ƙungiyoyin da suka halarci taron sun ɗauki alkawarin shata layin lodi da jan fenti a jikin kowane jirgin 'ya'yansu, kamar yadda yarjejeniyar layin lodi ta 1966 ta tanada ga jiragen teku, tare da rubuta adadin fasinjojin da jirgin zai iya ɗauka a inda kowa zai gani. Idan ruwa ya rufe layin, jirgi ba zai bar gaɓa ba. Rassa za su rubuta sunayen fasinjoji kafin tashi, domin abin takaici ne a ce bayan kowane haɗari ana kwanaki ana gardamar yawan mutanen da ke ciki. Duk matuƙin da ya saɓa za a dakatar da shi daga layi, kuma ɗan kamashon da ya yi lodin zai fuskanci hukunci iri ɗaya.

3. Taron ya goyi bayan haramcin tafiyar dare da wajabcin rigar kariya da ke cikin dokokin sufurin ruwa na NIWA, ya kuma yaba da rabon riguna da Ma'aikatar Harkokin Teku da hukumar raya yankunan madatsun lantarki ta HYPPADEC suka yi. Sai dai ya lura cewa riga a ɗakin ajiya ba ta ceton kowa, kuma akasarin waɗanda ake rabawa na manya ne, alhali yara ne suka fi yawa a cikin waɗanda aka rasa a Bagwai. Taron ya nemi a samar da na yara, a damƙa su hannun rassa da lissafi.

4. Game da fasahar zamani, taron ya ga cewa kogi ba ya buƙatar na'urori masu tsadar da ke cikin jiragen teku kafin a fara ganin sauyi. Abin da ya nema shi ne wayar oba-oba a kowane babban jirgin fasinja da kowace tasha, a kan zango guda da aka keɓe wa kiran gaggawa, da ƙaramar na'urar auna zurfi ga jiragen da ke ratsa tafkunan Kainji, Jebba da Shiroro, da alamomi masu iyo da ke haskawa a wuraren da aka san akwai kututture ko dutse. Rassa za su zagaya da tsofaffin matuƙa da masunta a lokacin janyewar ruwa, su yi amfani da wayoyin hannu wajen ɗaukar matsayin kowane kututture ta tauraron ɗan'adam, su miƙa wa hukuma domin a yi taswira, a kuma san inda za a fara sarewa. Haka nan taron ya roƙi hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar sa ido kan ruwa ta NIHSA su riƙa aiko da gargaɗin iska da na sakin ruwan madatsu, ciki har da na Lagdo a Kamaru, ta saƙon murya cikin harsunan gida da kuma gidajen rediyon jihohi.

5. Taron ya amince cewa jirgin katako mai ɗaukar jama'a da yawa ya kamata ya ba jiragen faiba da na alminiyam wuri, amma ya yi gargaɗin cewa hana shi dare ɗaya ba tare da madadi ba zai yanke ƙauyukan tsallake daga kasuwa da asibiti, ya kuma tura sana'ar zuwa ɓoyayyun mashigai da babu mai sa ido. Ya nemi gwamnatocin jihohi su ba da rancen sauya jirage ta hannun ƙungiyoyi, a biya sannu a hankali, a kuma horar da maƙeran gida aikin faiba domin kada su rasa abin yi.

6. Taron ya roƙi NIMASA ta yi amfani da tanadin dokar jigilar gaɓar teku ta 2003, wadda ta fifita jiragen 'yan ƙasa da ma'aikata 'yan ƙasa, wajen ganin duk jirgin da ke cin moriyar ruwan Najeriya ya ware wa ɗalibai gurbin koyo. Gwamnatocin jihohin da ke ɗaukar nauyin ɗalibai su sa kuɗin wata 12 na teku cikin kasafin tun farko.

7. Taron ya nemi hukumar binciken haɗurra ta NSIB, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa huruminta zuwa ruwa, ta riƙa fassara taƙaitaccen sakamakon bincikenta tana aikowa rassa domin a karanta a tarukan wata.

8. Taron ya yi kira ga malamai, limamai, iyayen ƙasa da masu shirya Mauludi da bukukuwa su sa batun cikin wa'azi da tsare-tsarensu, su nuna wa jama'a cewa imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba, su kuma tsara tafiyar ɗalibai da 'yan rakiyar amarya ta yadda za a raba su sahu-sahu a ƙetare da rana. Ya roƙi fasinjoji su daina matsa wa matuƙi ya tashi bayan ya ce jirgi ya cika.

9. An kafa kwamitin mutum bakwai da zai kai wannan sanarwa hedikwatar NIWA da ke Lakwaja da ma'aikatun sufuri na jihohin Kebbi, Neja, Kwara, Kogi, Taraba da Adamawa. Kowane reshe zai gabatar da ƙidayar jiragensa, da adadin waɗanda aka shata wa layin lodi, a zama na gaba, wanda za a yi kafin faɗuwar damina.

Taron ya yi ta'aziyya ga iyalan duk waɗanda suka rasu a ruwa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro